Ni Na Sa Aka Kaɗa Taken Yayana

A lokacin ni saurayi ne, masunci ɗan masunci, a wani ƙauye da ke bakin kogi kusa da Auyo. Allah bai ba ni ƙarfi ba, sai ya ba ni baki. Ko ɗan akuya ban taɓa kayarwa ba, amma in ana kokawa muryata ake fara ji. Yanzu na tsufa, shi ya sa na roƙi malamin unguwarmu ya rubuta mini wannan, ko wani zai karanta ya tsira daga irin abin da na aikata.

Ƙarfin gidanmu duk yana jikin yayana. Shekara da shekaru bayansa bai taɓa ƙasa ba a fage, har makaɗa suka yi masa take nasa na kansa. Amma a daminar wannan shekarar ya ji ciwo a ƙugu wajen jan kwale-kwale daga laka. Maɗori ya yi masa aiki, ya ce in ya sake shiga fage kada a zo kiransa. Yayana ya yi wa mahaifiyarmu alkawari ya bar kokawa, domin yana da mata da 'ya'ya uku, kuma komarsa ta kamun kifi ce ke ci da gidan duka, har da ni.

Da aka gama yankan shinkafa, sai aka sa wasa a wani gari ta wajen Miga. Na dami yayana mu je, na rantse masa kallo kawai za mu yi. Bayan la'asar fili ya cika, ganguna na tashi, sai wani ƙaton mutanen garin ya bi 'yan kokawarmu uku ya zubar ɗaya bayan ɗaya. Samarinsu suka shiga yi mana ihu, wai mu da tarwaɗa kaɗai muka iya kokawa. Wani ya nuna ni da yatsa, ya tambaya ina bakin nan nawa ya shiga yau. Raina ya ɓaci har na daina gani sosai. Na zagaya ta bayan taro na sami makaɗin ƙauyenmu, wani dattijo, na ce ya kaɗa taken yayana. Ya ƙi, ya ce ya san da alkawarin. Sai na yi masa ƙarya, na ce yayana ne ya aiko ni, ƙugu ya warke sarai. Na sani kuwa, kamar yadda kowa ya sani, cewa ɗan kokawar da aka kaɗa wa take a bainar jama'a ya ƙi tashi, abin kunyar har 'ya'yansa zai bi.

Na dawo na zauna kusa da shi kamar ba ni ba. Da gangar ta ambace shi, sai ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini, ya ce in riƙe masa. Sun daɗe a sarƙe, har na fara ihun murna. Can sai na ga ƙafarsa ta hagu ta saki, ƙaton ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Bai tashi ba. Da muka isa kansa, ya ce mana ba ya jin ƙafafunsa.

A kwale-kwale muka kawo shi gida. Mahaifiyarmu ta tambaya wa ya kaɗa taken, kowa ya ce makaɗi, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Daga ranar ba wanda ya sake gayyatar dattijon nan ko bikin suna, amma bai taɓa tona mini asiri ba. Shekara bakwai yayana ya yi a kan tabarma. Na ɗauki komarsa, ni ke juya shi, ni ke yi masa wanka, mutane suna ta sa mini albarka suna cewa ba a taɓa ganin ƙane irina ba. Kowace albarka ji nake kamar an watsa mini ruwan zafi.

Da ciwo ya yi tsanani, sai ya aike ni in gaya wa makaɗin cewa shi, yayana, ya yafe masa duniya da lahira. Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in koma da gudu in nemi tawa gafarar tun mutumin yana numfashi. Na koma, na durƙusa a gabansa. Ya kama hannuna, ya ce da ba don ni ba da 'ya'yansa sun wulaƙanta. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne na isar da saƙo. Washegari da hantsi ya cika.

Ku masu zuwa kallon wasa, ku ji tsoron Allah a kan waɗanda kuke zugawa. Zafin gori kwana biyu ne ya wuce, amma jikin da ke cikin fage na wani ne, kuma akwai masu jiransa a gida. In kuwa kun riga kun cuci wani, ku faɗa masa yau, komai nauyin maganar. Ni na tsaya jiran ranar da za ta yi mini sauƙi, har aka binne wanda zai yafe mini.