Idan Aka Maido Wuta

A injin casar shinkafa na Kawu da ke Kankiya, ɗauke wuta ba hutu ba ne. Da zarar inji ya yi tsit, yayana zai naɗe hannun riga ya buɗe murfi, ya zura hannu har gwiwa yana fitar da ƙaiƙayi da tsakuwar da suka toshe rariya. Haka ya tarar ana yi, kuma ba a taɓa jin ciwo ba, domin tsohon injin ko an maido wuta ba ya motsi sai an danna koren maɓalli.

Da Kawu ya sayo sabon inji mai kwantirola, wato ƙaramar kwamfutar da ke ba inji umarni, ni aka kira. Na karanta lantarki, kuma a wurin Kawu wanda ya karanta lantarki ya san komai, daga gyaran tocila har jirgin sama. Ni kuwa ban ƙware wajen rubuta wa kwantirola tsari ba. Sai dai a lokacin an fara samun manhajojin AI da za ka gaya musu abin da kake so, su rubuta tsarin, su gwada, su loda shi da kansu. Biyu na samu da suka dace da injinmu, kuma ba ni da abin auna su sai littafin bayanin kowacce.

Littafin ta farko gwanin sha'awa ne. Ga hotuna, ga bidiyo, komai tsaf kamar kantin birni. Kawu ya leƙa kwamfutata ya ce a ɗauke ta kawai. Ni ma ta burge ni, har na kai inda ake maganar ɗaukewar wuta. Layi kaɗan ne, kuma da alfahari aka rubuta su: idan wuta ta dawo, jiniya za ta yi kuka na ɗan lokaci, sannan inji ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na duba sama da ƙasa ban ga yadda ake kashe wannan ba. Na tambayi manhajar da kanta, ta amsa cikin ladabi cewa ana iyawa. Da na sake tambaya washegari, sai ta kawo wata hanya dabam, ita ma babu ta a littafin. Raina ya ɓaci, na rufe kwamfutar.

Abin da Kawu bai sani ba, Yaya ba ya ji sosai. Ƙarar inji ta cinye masa kunne a hankali. Kullum tare muke tasowa daga Kusada a babur ɗinsa, kuma na daɗe da lura in na yi magana daga baya ba ya amsawa. A cikin hira bakin mutum yake kallo, dariyarsa kuma tana zuwa bayan ta kowa. A sallar jam'i ma sai ya saci kallon na kusa da shi kafin ya yi ruku'u. Ɓoyewa yake yi, don ya san ranar da Kawu ya gane, za a ɗauke shi daga kan inji a mayar da shi ɗinkin buhu. Mutum ne mai iyali, kuma manoman Kaikai da Boko in sun kawo shinkafa shi suke nema. Ina tausayinsa ƙwarai, kuma ban taɓa nuna masa na sani ba.

Littafin ta biyu kuwa ba ya da ko hoto ɗaya, rubutu ne cunkus mai sa gyangyaɗi. Amma yana da babi guda a kan abin da manhajar ba za ta taɓa ba ko an umarce ta. A ciki an ce bayan ɗaukewar wuta inji zai zauna a kashe har sai mutum ya tayar da shi da hannunsa. An ce a bar maɓallin tsayarwa a kan wayarsa dabam, kada a miƙa wa manhaja. Har masu ita sun jera abubuwan da ba su gwada ba, suka ce duk abin da ta rubuta a sa mutum ya duba. Ban san su ba, amma na ji sun kwanta mini a rai.

Da na gaya wa Kawu zaɓina, ya ce, "Kai hwa ka cika tsirfa. Ga mai kyau ka bari, ka ɗauko wadda masu ita ma ke cewa ba su gwada ba? To mi jiniyar ta yi maka?"

Amsar tana bakina, amma Yaya na tsaye a gefe yana kallon leɓunanmu. Sai na kama zuba a kan littafi. Na ce masu ta farkon sun rubuta nasu ne a ƙasar da ba a ɗauke wuta, na ce abin da ba a rubuta ba ba na yarda da shi. Har murya na ɗaga wa Kawu, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce in yi yadda na ga dama, in inji ya lalace ni zan biya.

Aikin ya ba ni wahala, don ta biyun tambaya gare ta kamar alƙali. Bayan an fara casa da sabon tsari, wata rana da hantsi aka ɗauke wuta. Yaya ya buɗe murfi ya zura hannu, ya ba ƙofa baya. Can sai ƙwan lantarkin da ke bayansa ya kama, masu shago a waje suka yi ta ihun an kawo, rediyon mai shayi ya ɓarke. Kawu ya ƙwala masa kira. Yaya bai waiwayo ba, yana ta yakuto ƙaiƙayi, hannunsa a cikin ƙarfe. Injin bai motsa ba.

Sai da ya gama ya juyo, ya ga ƙwai a kunne, ya ga duk mun zuba masa ido. Ya goge hannu a riga ya danna koren maɓalli. Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kalle ni, ya koma kan bencinsa. Har yau bai ɗauke shi daga kan inji ba.

Da yamma muna hanyar Kusada, Yaya ya tsayar da babur a gindin wata tsamiya, ya juyo yadda zai ga bakina.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ce an daɗe.

Ya jinjina kai, ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi ciki da baya. Ya ce, "To daga yau in za ka yi man magana, ka dahwa kahwaɗata."

Na dafa, muka tafi gida.