Sunan da Inna Ba Ta Kira

Yayana shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma zama su yi hira. Haka ta taso ta gani a Haɗeja, haka ta yi. Ko abinci za ta ba shi, ni take aika: "Ke, kai wa wancan." Ni ce auta, bakina ba ya shiru, sai na zama 'yar aiken tsakaninsu.

Shekarar da muryarsa ta fara buɗewa, Baba ya tura shi gonar kawunmu ta wajen Guri korar jan-baki, tsuntsayen nan da ke cinye shinkafa kafin a yanke. A cikin ruwa ake wuni, ga sauro kamar zai ɗauke mutum. Manyan da ke wurin suka ce masa hayaƙin taba na korar sauro, yana kuma ɗumama ƙirji. Ba wanda ya tuna yaron nan tun yana goye yake fama da asma. Ya dawo gida da buhun shinkafa da baƙin leɓe.

Kowa ya gani. Baba ya ce ƙuruciya ce, in ya yi aure zai bari. Kakarmu kuwa tsokana ta samu: "Mijin nawa ya zama injin ban ruwa, sai hayaƙi!" Inna kaɗai abin yake ci wa rai, ita ce kuma al'ada ta ɗaure wa baki. Takan ɗauki rigarsa daga igiyar shanya, ta ɗinke 'yan hujin da wutar taba ta yi, ta mayar. In tarinsa ya tashi, sai in ga ta tsaya da taɓarya a hannu har ya lafa.

Wata rana ta kasa daurewa. "Ki ce wa wancan ƙirjinsa ba murhu ba ne."

Na je na faɗa. Ya ja kunnena yana dariya. "In Inna ce ta ce, ta faɗa mini da bakinta. Wallahi ranar zan bari."

Da gaske yake, na gani a idonsa. Na koma da gudu na gaya mata. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsince shinkafa. Ranar na ji haushin Inna, na ji haushin garin gaba ɗaya.

Shekaru suka wuce a haka. Bai kai ga auren da Baba yake jira ba. Da ciwon ya kwantar da shi a asibiti, numfashinsa yana fita da ƙyar, Inna ta shigo ta zauna a bakin gadon. Ta kama hannunsa, ta kira sunansa sarai, ta ce, "Ka bar tabar nan, don Allah."

Ya yi murmushi. "Inna, ashe kin san sunana. To, na bari."

Ya cika alkawari, amma bai sake komawa gida da ƙafarsa ba. Allah ya jiƙansa.

Yanzu ni ma ina da ɗan fari. Kwanan baya na ji warin taba a rigarsa, na ƙwala masa kira da sunansa har maƙwabta suka ji. Matan unguwa suna cewa ba ni da kunya. Inna, da ta tsufa a ɗakina, ta ɗaga labule ta ce, "Ƙara kiransa. Bai amsa ba."