Ranar da Saje Jethro Ya Watsa Taro a Kakuri

A Mahuta, in ka tambayi gidan Jethro Kazah sai mutane su tsaya tunani. Amma ka ce Saje Watsa-Taro, nan take za a nuna maka gidan da ke bayan injin niƙa. Sunan bai daɗe da shi ba. Ya samo shi ne ranar da ya buɗe baki sau ɗaya tak a wani ɗakin taro a Kakuri, jama'a suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, wata mai kunun zaki ta yi asarar bokitinta, aka rurrufe shaguna har bakin titi. Shi kuwa har gobe bai yarda ya yi laifi ba.

Mutumin wajen Zonkwa ne, gajere, mai faɗin ƙirji. Ya shiga soja yana saurayi, ya je Laberiya ya dawo da ƙafafunsa biyu, ya yi shekaru yana koyar da kurata fareti, ya bar aiki da igiya uku. Yanzu gadi yake yi a wani kamfanin ruwan leda, cikin kakin ƙungiyar tsofaffin sojoji, da takalmin da kake iya ganin fuskarka a ciki. Abin da Allah ya ba shi fiye da kowa murya ce. A coci an roƙe shi, cikin ladabi, ya bar ƙungiyar mawaƙa ya koma nuna wa mutane wurin zama. Likita ma ya ce jininsa ya hau, ya daina ihu. Tun daga nan matarsa Rebecca ta zama mai gadin maƙogwaronsa, shi kuma ya koyi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai gulma.

Amininsa a duniya shi ne Kofur Isiyaku, wanda a bariki ake kira Rediyo saboda baki ba ya hutawa. Tare suka je Laberiya, tare suka yi haya a Kakuri, ƙofa na kallon ƙofa, har rikicin shekarar dubu biyu ya sa kowa ya kwashi kayansa ya koma cikin nasa. Isiyaku ya koma Makera yana gyaran risho. Duk da haka, kowace Kirsimeti shi ke zuwa Mahuta ya yanka akuyar Jethro da hannunsa, don in an dafa ya ci ba tare da wasu-wasi ba. Bara bai zo ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganar ma ta ɗauke. Rediyo ya mutu, mai shi yana raye.

Ana haka aka shiga maganar wata doka ta jiha: tsofaffin sojoji da iyalansu za su samu katin asibiti, a duba su, a ba su magani. Sharaɗi ɗaya ne, mutum ya zo da kansa a tabbatar yana raye kuma shi ɗin ne. Jethro ya je tun farkon farawa ya yi nasa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ba a kai Isiyaku ba, sai ranar da za a rufe rajista, da hantsi, Rukayya matar Isiyaku ta kira shi a waya.

"Baba Saje, ka yi haƙuri. Na rasa mai ɗaukar mini shi. Yaran duk suna Legas, ni kuma na ji nauyin roƙo."

"Maganinsa fa?"

Ta ce, "Ƙwayar nake rabawa biyu, don ta kai mu. Likita ya ce in abin ya sake bugunsa, ba lallai ya tashi ba."

Ranar kuwa ba ta fita ba ce. Da safe an yi faɗa a wata tasha tsakanin 'yan keke da masu yankar tikiti. Kafin labarin ya iso Mahuta ya yi rassa, ya zama na addini. Iyaye sun fara kwaso yara daga makaranta. Jethro na ɗaura igiyar takalmi Rebecca ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Baban Debby, ina zuwa?"

"Makera."

"Yau? Da wannan kakin? Ka tambayi gari kuwa?"

"Gari bai san komai ba, Maman Debby. Jita-jita ce."

"Wancan karon ma jita-jita ka ce, muka kwana uku a bariki a kan tabarmar aro."

Gaskiya ta faɗa. Ya ce kawai, "In an rufe yau, Isiyaku ba shi da kati." Ta dube shi, ta dubi titi, ta matsa gefe. Ta bi shi da ƙwayar hawan jini da ruwa a kofi, tana faɗin in ya mutu a can kada ya kuskura ya dawo mata gida.

Ben, wani mai haya da keke mai ƙafa uku, ɗan cocinsu, ya yarda zai kai shi, amma bakin Makera kawai. Hanya duk ta yi wani iri. Shaguna a buɗe rabi-rabi, masu su na tsaye a waje da kwaɗo a hannu. A bakin layin su Isiyaku wasu samari na zaune a kan benci. Suna ganin kaki suka miƙe. Ben ya taka birki.

"Saje, iyakata nan. Ina da 'ya'ya."

Jethro ya sauka. Ya yi sallama yadda Isiyaku ya koya masa tun suna kurata. Aka amsa a daƙile. Wani dogo ya tare hanya.

"Baba, wa kake nema?"

"Kofur Isiyaku, mai gyaran risho."

"Me ya yi?"

Kafin ya amsa, wani tsohon tela ya leƙo daga shagonsa, ya gyara tabarau. "Kai, ku ba shi hanya. Abokin Rediyo ne, mai zuwa cin naman Sallah. Ci ne da shi kamar gara." Aka ɗan yi dariya, kafaɗu suka sauka. Dogon nan da kansa ya kama ƙafafun Isiyaku, Jethro ya riƙe kafaɗu, suka fito da shi. Bai fi nauyin buhun gawayi ba. Ben da ya ga haka kunya ta kama shi, ya shigo da keken har ƙofar gida. Aka sa Isiyaku a ciki, Rukayya ta shiga, suka nufi Kakuri inda ake rajistar.

Ɗakin taron ya cika maƙil. Tsofaffi jere a kan bencina, wasu da sanda, wasu da lambobin yabo a ƙirji. Mata da 'ya'ya da masu talla suna waje a inuwa, kowa kunnensa na kan titi. Aka tausaya aka bar su Jethro suka wuce gaba, suka zaunar da Isiyaku a kujerar roba gaban teburin wani ma'aikaci mai suna Ernest, siririn mutum da ya yi gumi har wuyan riga.

Ernest ya kama hannun dama, yatsun sun dunƙule, ba su buɗuwa. Ya kama na hagu ya ɗora babban yatsa a kan na'ura. Ta ƙi. Ya goge da hankici ya sake. Ta ƙi. Shekarun kananzir da dalma da ƙuna sun shafe zanen yatsun tas.

"Akwai wata hanyar," in ji Ernest, yana juyo da 'yar kyamarar da ke kan tebur. "In yatsa ya ƙi, sai mutum ya faɗi lambarsa ta soja da bakinsa, a ɗauka."

"Ba ya magana," Rukayya ta ce. "Tun bara."

"Ni na san lambar," in ji Jethro. "Tare aka ba mu."

"Baba, na yarda da kai. Amma da bakinsa aka ce. An sha kawo mana mutum a ce wane ne, alhali wanen ya daɗe a kabari. Ba ni na rubuta dokar ba."

Nan shugabar ma'aikatan ta ratso tana tafa hannu. An kira ta daga ofis, an ce saboda yanayin gari a tattara kaya yanzu, ba sai yamma ba. Wani ya fara naɗe waya. Ernest ya roƙa a ba shi ɗan lokaci, ya kunna kyamarar.

Jethro ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya kama hannun amininsa, ya yi ƙasa da murya.

"Isiyaku. Ɗan'uwana. Ni ne Jethro. Faɗi lambarka mu tafi gida. Rediyo, kai da ba a iya kashe ka, yau kai ake roƙo?"

Idanun Isiyaku suka bi silin, suka bi taga. Yawu ya gangaro gefen bakinsa, Rukayya ta share da bakin mayafi, ta juya fuska don kada a ga tana kuka. Ernest ya dubi shugabarsa, ya dubi Jethro, ya kai hannu zai kashe kyamara.

Jethro ya miƙe. Ya ce daga baya shi bai shirya komai ba. Kallon mutumin kawai ya yi, kafaɗa a zube, haɓa a ƙirji, sai wani abu ya taso masa wanda ba tausayi ba ne. Haushi ne, irin wanda yake ji in kurtu ya tsaya masa a karkace. Ya ja da baya, ya buga ƙafa, ya cika ƙirji. Likita da Rebecca da dattawan coci duk suka fice masa daga kai.

"Fareeet... SHAN! Kofur Isiyaku! Lambarka!"

Abin da bai lissafa ba shi ne ɗakin cike yake da mutanen da jikinsu ke jin wannan kira kafin kunnensu. Tsofaffin nan gaba ɗaya suka zabura suka miƙe. Bencina suka kife, sanduna suka zube, ƙafafu suka doki siminti lokaci guda, ƙarar ta fita ta taga kamar an harba wani abu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Wata a waje ta ce, "An fara!" Shi ke nan. Mai goyo, mai takalmi ɗaya, mai tiren gyaɗa, kowa ya nufi ƙofa. Shugabar ta shige bayan allo. Ernest ya faɗa ƙarƙashin tebur.

Jethro bai waiwaya ba. Idonsa na kan kujerar roba. Kafaɗar hagu ta motsa, ta ɗaga. Haɓa ta bar ƙirji. Hannun hagu ya sauka gefen cinya ya miƙe, yana rawa. Leɓen ya yi ta kokawa, sannan murya ta fito, a shaƙe, kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Da Turancin bariki, lamba bayan lamba, ba tuntuɓe. A ƙarshe ya ƙara da, "Sa."

Rukayya ta dafe ƙirji ta yi salati. Daga ƙarƙashin tebur aka ji muryar Ernest.

"Na ji, Baba! Na ji! Kyamarar ma a kunne take!"

Sai a lokacin Jethro ya ji ihun waje da ƙarar ƙofofin shago ana ja. Ya san garin nan. Gudu irin wannan, in ya kai kasuwa, ba mai tambayar mafarinsa. Ya fita da sauri yana ɗaga hannu yana cewa ba komai, ba komai, amma wa zai tsaya sauraron mai kaki? Allah ya taimaka motar 'yan sanda na kusa. Suka tare bakin titi, suka shigo da bindigogi a hannu, suna neman masu tarzoma.

Abin da suka tarar shi ne tsofaffi cike da ɗaki, Musulmi da Kirista, a tsaye ƙyam, ido na gaba, gumi na zuba, ba mai ko ƙifta ido. Jethro ya manta bai sallame su ba. Wani mai farin gemu ya yi magana ta gefen baki, ba tare da ya juya kai ba.

"Saje, don girman Allah ka ba mu hutu. Gwiwata za ta cire."

Sufeton da ya jagoranci 'yan sandan ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, abin ya gagara. Duk da haka sai da ya sa Jethro a mota aka zaga da shi layi-layi yana ba masu shaguna haƙuri, ya kuma saya wa mai kunu sabon bokiti. Ba wanda ya ji rauni in ban da wata da ta gurɗe a ƙafa. Rebecca ta yi mako ba ta yi masa magana ba, abinci ma sai dai ta dangwara ta wuce.

Katin ya fito. Yanzu Isiyaku na shan ƙwayarsa cikakkiya, ana kuma kai shi gashin ƙashi. Bai sake cewa uffan ba tun ranar. Rukayya ta taɓa roƙon Jethro ya ƙara yi masa tsawar ko za a dace, ya gwada a tsakar gida, kajin maƙwabta ne kawai suka watse.

Ran nan a bakin kamfanin ruwan leda direbobi suka tasa shi gaba, Ben na cikinsu.

"Saje Watsa-Taro! An ce gwamnati za ta ɗauke ka haya, a daina sayen barkonon tsohuwa. Baki ɗaya, ka kori rabin Kakuri!"

Jethro ya ci gaba da goge takalminsa, bai ko ɗago ba. Ya ce, ƙasa-ƙasa yadda likita ya umarta, "Ni mutum ɗaya na kira, kuma ya amsa. Sauran, wa ya aike su?"