Abin da Muka Tono a Bayan Rumbu

Aurena na biyu ni na zaɓa da kaina, kuma in ana lissafin abubuwan da suka ba mutanen Ƙofa mamaki a shekarun nan na kafin Turawa su tafi, to a sa da shi. Mijina na fari ya rasu, na gama takaba ina zawarci a gidanmu, da sauran ƙuruciyata da ɗan abin kallo, ba yabon kai ba. Cikin masu zuwa zance har da wani mai awon gyaɗa daga Bebeji, wanda tun daga nesa ake jin ƙararrawar kekensa. Na bar su duka na ce sai wani manomi daga Badafi, gajere, agana ta ɓata masa fuska, ga in'ina, ko jaki ba shi da shi.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni tun rasuwar uwata. Ta titsiye ni ta ce in faɗa mata abu ɗaya da na gani a jikin mutumin nan. Ni dai na san in ya zo ya zauna a kan tabarma yana kokawa da kalma ɗaya, sai in ji ba na so ya tashi. Wannan kuwa ba amsa ba ce da ake ba babba. Gwaggo ta dube ni ta ce ruwa ba ya tsami banza, ta ci gaba da kaɗinta.

Na tare da rani. Ban daɗe a gidan ba na lura cewa kullum in ya dawo daga masallaci da safe, ba ya shigowa ya nemi koko. Sai ya ɗebi tsabar gero a tafin hannu ya zaga bayan rumbu, ya daɗe. Da fari na ɗauka kaji yake ba, to amma kajin suna nan gabana suna tonon shara. Rannan na ajiye muciya na leƙa. Sai na gan shi tsugune, haɓa a kan gwiwa, a bakin wani ƙaton gidan tururuwa, yana zuba musu geron kaɗan-kaɗan, leɓensa na motsi.

Wanda bai tashi a wajenmu ba sai ya ce mene ne a ciki. A wajenmu babba ba ya tsugunawa a gidan tururuwa don nishaɗi. In ka ga mace ta kai musu gero ko riɗi, wani ne ya ce ta kai, saboda wata buƙata da ba a faɗa a bainar jama'a. Masu neman kasuwa suna ɗibar ƙasar bakin ramin, don mutane su yi ta tururuwa zuwa rumfarsu. Ana kuma binne laya ko ƙaho a ciki da sunan mutum, a riƙa ciyar da masu gidan don aikin ya ci gaba da ci. Duk yarinyar da ta girma a tsakar gida ta ji wannan tun kafin ta iya daka.

Ni ba mai barin magana a ciki ba ce. Da ya shigo na miƙa masa koko na ce, “Maigida, baƙi muke da su a bayan rumbu da ake kai wa gero ban sani ba?”

Na zaci zai kame-kame. Ina! Fuskarsa ta washe, ya ajiye ludayi ya ce in taso. Ya nuna mini hanyarsu da suka share tas har cikin ciyawa, masu fita a wofi, masu dawowa da kaya. Ya nuna mini ƙaiƙayin da suka zubar a kewayen ramin, ya ce sussuka suke yi a ciki kamar mu. Ya ce in ruwa ya shiga musu, washegari za su fito da hatsin su shanya a rana, kuma in na ga suna kwashe ƙwansu suna hawa tudu, to in kwashe shanyata. Akwai masu manyan kai, akwai ƙanana, kowa da aikinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba maganar ba ce. Mutumin da sai ya yi gumi kafin ya gama sallama, ga shi yana zuba kamar an ɓalle bakin kwata, ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba.

Daga ranar na shiga uku da labarinsu. Ni a da duk abin da ke rarrafe baƙi tururuwa ne, in ya cije ni cinnaka ne, shi ke nan. Shi kuwa kowanne da sunansa da halinsa. Kiyashi da ke shigar mini ƙwaryar man shanu ya ce kala biyu ne, ja da baƙi, kuma ba sa ga maciji da juna. Shazumami ya ce ba ta da mugunta, kwaɗayi ne kawai. Cinnaka ma da kowa ke tsine wa, har ake cewa bai san na gida ba, sai ya kare shi, wai kai ne ka zauna masa a ƙofar ɗaki. Ya ba ni labarin kwarkwasa da ya gani shekarar da ya je cin rani wajen Doguwa, yadda suka shigo gari baki ɗaya suka cinye kaza a cikin akurki, har sai da aka zagaye ɗakuna da toka. A can ne kuma ya ga wasu jajaye da ke haɗa ganyen mangwaro su ɗinke shi su yi gida a sama.

Da damina ta sauka, in na kai masa abinci gona, ba na dawowa da wuri. Zai ɗaga ganyen dawa ya nuna mini wasu ƙanana da ke kiwon ƙwarin darɓa, suna shafa su suna shan zaƙin, ya ce ga Fulaninsu nan da shanunsu. Gwano kuwa su ne sarakansa. Ranar da muka ci karo da ayarinsu sun dawo daga yaƙi da gara, kowanne da gawa a baki, sai ya riƙe mini zane ya hana ni tsallakawa. Ya ce in duba can baya, ga wani ya ɗauko ɗan'uwansa da aka karya wa ƙafa zai kai shi gida. Na toshe hanci na ce ni wari kawai nake ji. Ya yi dariya har da hawaye. Gaskiya na gani, ya ɗauko shi ɗin, kuma abin ya burge ni. Sai dai ko a lokacin ina kallon gwanon da ido ɗaya ne, ɗayan yana kan mijina.

Domin na kasa yarda. Na ce a raina, wane irin namiji ne zai san wannan duka in ba yana da hulɗa da masu wurin ba? Wa ya koya masa? Me ya sa in'inar ke sakinsa a bakin rami, ta kama shi a bakin ƙofa? Na fara lura da abubuwan da a da ba na kulawa. In na taje kai sai in dunƙule gashin in cusa a tsagar bango, in dawo in duba ko yana nan. Na riƙa duba gefen zannuwana ko an yage. In ya ba ni goro sai in ce na gode, in ɓoye, in ba maƙwabciya. Matan unguwa kuma ba su taimaka ba. A bakin rijiya in na iso sai hira ta mutu, wata ta ce, “Amarya, ina su mutanen bayan rumbu?” a kwashe da dariya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk da wannan, da na ji tarinsa a zaure sai zuciyata ta yi sanyi. Sai in ce to, ga aikin nan yana ci.

Bayan an yi girbi Gwaggo ta zo ganin ɗaki, a ƙafa tun daga Ƙofa, da ƙunshin daddawa a ka. Maigida ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta amsa da ƙyar tana kallon gefe. Washegari ranar kasuwar Kiru ce, ya ɗauki ɗan barkononsa ya tafi. Ko ƙurarsa ba ta kwanta ba na kwashe komai na faɗa mata. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

“'Yar nan, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba,” in ji ta. “Ke da hankalinki ki bar mai keke ki bi wannan? Binne ki aka yi. Ɗauko fartanya.”

Na ce, “Gwaggo, in an tona me zai faru?”

“Aikin ya karye. Idonki ya buɗe, ki gan shi yadda kowa ke ganinsa. Ki ɗaure kayanki tun yanzu, mu kama hanya kafin la'asar.”

Na tsaya da fartanya a hannu. Tsoro biyu ne suka haɗu mini. Ina tsoron a ce son da nake ji ba nawa ba ne, dasa mini shi aka yi kamar yadda ake dasa rogo. Ina kuma tsoron ya fita, domin ban taɓa jin daɗin zama da mutum kamar wannan ba. To amma ni mace ce da ba ta iya cin tuwo tana zargin miya. Na ɗaure kayan, na zaga bayan rumbu, ni na fara sara.

Ƙasar ta yi tauri, muka yi ta karɓa-karɓa. Tururuwa suka fito baƙi ƙirin suka hau mana ƙafafu, Gwaggo na karkaɗe zane tana a'uziyya. A ƙasa muka tarar da ɗakuna-ɗakuna, wani cike da gero, wani da 'ya'yan ciyawa iri-iri an ware kowanne gefe guda, wani da fararen ƙwai. Duk yadda ya faɗa mini haka yake. Babu ƙaho, babu laya, babu ƙulli. Har na fara jin kunya na ce mu bari, sai Gwaggo ta yi kabbara ta sunkuya. Ta ɗago da wata 'yar tsakiya ja, ƙarama kamar ƙwayar dawa. Na gane ta. Daga jigidata take, wadda ta tsinke mini a wajen turmi tun farkon damina, na tsince abin da na gani na bar saura.

“Kin gani? Abin jikinki, a ƙarƙashin ƙasa. Ƙafa ta yi ta zo nan?”

Na san tururuwa suna ɗaukar duk abin da ya yi kama da ƙwaya, na sha ganinsu da ɗan tsakuwa. Na kuma san hannun mutum ma yana iya kai ta can. Na rasa wanda zan kama. Gwaggo ba ta jira ni ba, ta jefa tsakiyar a murhu, ta sa na tafasa ruwa a babbar tukunya, muka juye a ramin, ta bi da toka mai zafi. Sannan ta wanke ƙafa ta koma zaure ta zauna kusa da ƙunshina, ta ce in saurari jikina.

Na zauna a kan turmi ina saurare. Ina jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, ko ya zare. Na ji ƙaiƙayin cizo a ƙafa, na ji yunwa, ban ji komai ba bayan wannan. Na riƙa tuno fuskarsa da gangan ina neman ƙyama, ramukan aganar nan ɗaya bayan ɗaya. Sai in ce wataƙila sai na gan shi ido da ido.

Rana ta karkata na hango shi ta kan danga, yana tafe da ɗan ƙunshi a hannu. Na ƙura masa ido sosai, yadda ake duba ƙwarya kafin a saya. Gajere ne, ba shakka. Fuskar nan tana nan yadda take, rigar ma ta sha jiki. Zuciyata kuma ta yi abin da ta saba yi, babu ragi ko na ƙwayar gero. Daɗi ya rufe ni har na ji kamar in yi guɗa. Nawa ne, ba wanda ya dasa mini.

Ya gaida Gwaggo a zaure, ya ga ƙunshin kaya ya wuce ciki. Ya miƙo mini tsarabar ƙosai a ganye. Sai idonsa ya sauka a kan fartanya da jar ƙasa a bakinta, da babbar tukunya a kife. Ya zaga bayan rumbu, na bi shi.

Ya daɗe a tsaye a bakin ramin. Sannan ya tsuguna ya sa yatsa a cikin caɓin toka, ya ɗago wata da ke motsi ya ajiye a busasshiyar ƙasa.

“Wa ya yi?”

“Ni da Gwaggo.” Ban ɓoye masa komai ba, har maganar tsakiya da abin da aka ce zai faru in an tona.

Ya saurara har na gama, bai ɗago kai ba. “To, ya karye?”

“Babu abin da ya canja, Maigida,” na ce, da murnata. “Ina nan. Yanzu zan kwance kayan.”

Na zaci zai yi dariya ya ce Allah ya shirye ni. Sai ya ɗago ya dube ni, ido ya kaɗa.

“Mutanen gari sun daɗe suna faɗa, ban taɓa damuwa ba,” ya ce a hankali. “Ashe ke ma ba ki yarda za a iya sona haka kawai ba.”

Ya sunkuya ya ci gaba da tsince masu sauran rai daga cikin tokar.