Daminar Baba Hamissou

Gidan da na tashi a cikinsa a unguwar Gubaira, a birnin Riyad, bene ne mai hawa uku, tsoho, fentinsa ya daɗe da komawa kalar ƙasa. Mu ne a hawan sama. A ƙasa, gefen matakala, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, ɗakin Baba Hamissou, harisin gidan, wato mai gadinsa kuma mai kula da shi. Tun kafin a haife ni yake wurin.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Tasawa, a jihar Maraɗi. Mahaifinsa magini ne na ginin ƙasa, shi kuma ya yi ƙuruciyarsa yana cilla masa curi daga ƙasa zuwa kan katanga. Da ya zo Riyad, kwaɓa siminti ya fara yi a Al-Shifa, lokacin da rabin unguwar fili ne. Ya yi shekaru a haka har bayansa ya soma gazawa. Wani dattijon Balarabe, mai gidanmu, ya ɗauke shi aiki, ya zama kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a wurin hukuma. Tun daga nan iƙamar Baba Hamissou take rataye da gidan. In aikin ya tafi, takardar zama ta tafi, sai ya koma ƙauye, inda matarsa Zeinabou da 'ya'yansa suke ci daga abin da yake aikawa.

Ba mai yawan magana ba ne. Ya san wanda tukunyar gas ɗinsa ta kusa ƙarewa, ya san famfon da ke ɗiga. Yana da zogale guda a cikin tsohon gwangwanin fenti, yana matsar da shi daga rana zuwa inuwa kamar maras lafiya. Ni kuma tun ina ƙarama ba na iya haɗa ido da manya, saboda haka tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In ce, "Ina kwana, Baba," ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata," in wuce da sauri.

Abu ɗaya kowa ya san shi da shi. Kowace shekara, da watan Mayu ya kama, zafin Riyad ya fara cizo, sai ya ɗauki tsintsiya da bokiti da gwangwanin kwalta ya hau saman benen. Ya share rufin tas, ya zura hannu cikin bakin kowane bututun da ke saukar da ruwa ya kwashe dattin ciki, ya bi tsage-tsage yana liƙewa. Haka mahaifinsa ke yi wa sorayen ƙauyensu da bazara, kafin hadarin farko.

Mahaifina, Musbahu, direba ne, kuma ba ya barin wannan ya wuce.

"Baba, yau ma shirin damina ake? Ina hadarin?"

"Yana hanya."

"Daga Maraɗi zai taso? Ya samu biza kuwa?"

"Kai dai tahi ka ja motar mutane."

Sai su yi dariya, kowa ya kama gabansa. A Riyad ba a ruwa a watannin zafi. Ruwan garin da sanyi yake zuwa, wani lokaci ya kai har Afrilu. Baba Hamissou ya san haka sarai, ya fi shekara ashirin yana gani. Amma in an yi ruwan sai ya leƙo daga ɗakinsa ya ce, "Wanga ba damana ba ta. Ruwa ne ya ɓace hanya."

Shekaru da yawa abin bai dami kowa ba, don ruwan kan ɗan zuba ne ya ɗauke. Bara aka yi wani mai ƙarfi da rana tsaka. Ya taru a saman benen kamar tafki, ya huda silin ɗin maƙwabcinmu Maulud tela, ya jiƙa masa yadudduka na mutane. A lokacin dattijon mai gidan ya riga ya rasu, ɗansa Amir ne ke riƙe da komai. Ya zo washegari, ya tsaya a bakin matakala da makullin mota a hannu. Ina saukowa na ji shi, sai na tsaya a kwana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in aka sake samun yoyo, zai ba kamfanin gyara kwangilar gidan, shi kuma Hamissou a buga masa bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar. Baba ya ce, "Tayyib," wato to. Daga baya ya gaya wa mahaifina kwaltar zamanin nan ce ba ta da kyau. Da Mayu ya zo ya sayi wata iri, ya hau ya yi aikinsa fiye da na kullum.

A cikin shekarar na dawo daga Zariya, inda na karanta tsara birane. Na samu gurbin koyon aiki a wani ƙaramin kamfanin injiniyoyi da ke yi wa baladiyya, wato hukumar gari, aiki a ƙananan garuruwan bakin Bahar Maliya. Aka haɗa ni da wani garin masunta da ke arewa da Jidda. Gidajensa tsofaffi ne, gishiri ya cinye rodin ginin, in an yi ruwa a duwatsu sai ya gangaro ta kwari ya tarar da teku ya cika, ya rasa inda zai bi sai cikin ɗakunan mutane. Ni ce ƙarama a ofis, don haka aikin da aka ba ni shi ne mafi ƙanƙanta: in tsara watan da ma'aikatan baladiyya za su riƙa yashe magudanan ruwa da duba rufin gidaje. Ban ko yi tunani ba na sa Mayu. Haka aka koya mana a Zariya, haka kuma na tashi ina gani a saman kaina.

Shugabata, wata 'yar Masar mai gilashi, ta duba ta ɗago. "Marwa, a ƙasarku ne ake ruwa a Yuni. Nan in kin yashe a Mayu, kafin Nuwamba ƙura ta sake cika shi." Ta gyara ta ci gaba da abin da take yi.

Na koma kujerata, amma ba garin masunta nake tunani ba. Wata shida na ƙura da iska, ga tattabarun da ke kwana a gindin tankin ruwa, ga ledojin da ke tashi daga kasuwa. Ba kwalta ba ce matsalar gidanmu.

Na fara gaya wa mahaifiyata, Hansai, tana tsintar shinkafa.

"Ke ce za ki koya wa Baba Hamissou soro? Mutumin da ya ɗauke ki kina zanin goyo?"

"To Abba ya gaya masa."

"Abbanki shekara nawa yana gaya masa? Ya maishe shi wasa, yanzu ko ya yi da gaske dariya za su yi."

Gaskiyarta ce. Na yi makonni ina wucewa ta ƙofarsa, in gaishe shi, in wuce ban yi maganar ba. Sai aka ce a ƙarshen Oktoba za a tura ni garin na wasu watanni. In na tafi ban faɗa ba, ruwa zai zo ba na nan.

Ranar Juma'a da safe Umma ta ba ni ƙosai in kai masa. Na ajiye, ban tafi ba. Ya dube ni.

"Baba, ina so ka nuna mini yadda kake gyaran sama. A wurin aikina za a tura ni in duba irinsa."

"Yanzu? Ai an gama na bana."

"Ko gani ne kawai."

Ya ɗauki makulli. Yana hawa yana dafa bango. A sama rufin ya yi fari da ƙura, layukan kwaltarsa suna nan baƙi ƙirin, ko ɗaya bai ɗaga ba. Ya nuna mini su da alfahari, ya gaya mini yadda ake bin tsaga har inda ta ƙare, ba inda ido ya daina ganinta ba. Sannan ya tsuguna a bakin bututun kusurwa don ya nuna mini yadda ake zura hannu. Hannun bai shiga ba. Ya tono da yatsa: ƙasa ce ta daskare da kashin tattabaru da gashinsu, a ƙarƙashi kuma baƙar leda. Ya tashi ya je na biyu. Haka. Na uku har wata 'yar ciyawa ta tsiro a ciki ta bushe.

Ya daɗe a tsugune. Ni kuma ina kallon takalmina.

"Baba," na ce, "ruwan nan garin saura 'yan makonni."

"Na sani."

Ya karkaɗe hannunsa. "Mi kika ɗauka, ban san watan ruwansu ba? Na sani. Sai dai in bazara ta yi, su ɗana Nafiou na bisa ɗakin uwassu suna yaɓe. Ni ina nan zaune bakin matakala. Jikina ba ya yarda." Ya dubi bututun. "In na gama kuma sai in ji kamar na gama ke nan."

Na tsuguna kusa da shi.

"Kin gaya ma Amir?"

"A'a."

"Injiniya ta fito da tsoho ta nuna mishi aikinshi," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. Ban gane ko fushi ne ko wasa ba sai da ya ƙara, "To tahi ki ɗauko mini bokiti, da wagga doguwar waya ta bayan ƙofa. Kar ki gaya ma ubanki, ba ni shan ruwa wurinshi."

Muka yi aikin har aka kira sallar Juma'a. Shi yana tonowa, ni ina kai bokiti.

Na tafi bakin teku. Aikina a can bin gidaje ne tare da wani ma'aikacin baladiyya, mata suna nuna mini inda ruwan bara ya tsaya a bango, wani wurin ya kai gwiwa, wani ƙugu. Akasarinsu sun san abin da ya kamata a yi. Abin da ba a daidaita ba shi ne wa zai yi, kuma yaushe.

A watan Disamba, wata ranar Talata da la'asar, Umma ta kira ni. Ina jin ƙarar ruwa a bayanta. Ta ce bututan suna ta amai a titi, Baba Hamissou yana tsaye a ƙofar gida da buhu a ka yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin Maulud bai ɗiga ba. Amma bangon matakala ya jiƙe daga wata tsaga da ke ƙarƙashin tanki, inda hannu ba ya kai wa.

Amir ya zo bayan kwana biyu. Ya hau sama, ya sauko, ya tsaya yana kallon jiƙaƙƙen bangon. Baba ya gaya masa sai an ɗaga tankin kafin a gyara wurin, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Amir ya ɗauki hoto da wayarsa ya tafi. Aka yi mako uku ba labari, Umma ta ce Baba ko shayinsa ya daina dafawa. Sannan saƙo ya shigo wayarsa da Larabci, ya hawo da ita har sama don mahaifina ya karanta masa. An sabunta iƙamarsa, shekara ɗaya. Tankin kuma har yau ba a turo masu ɗaga shi ba.