Yaron da Kura Ta Ba Ɗaki

A Ƙarfi, idan an cire masara, kakarmu Iya Tabawa kan tara mu gindin murhu bayan sallar isha'i. Mu muna murzar masara, ita tana jefa totuwa a wuta. Hannu ya tsaya, tatsuniya ta tsaya.

"Kai mijin banza," ta kan ce da ni, "barci kake, ko sai na sake miji?"

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ta dariya idan tana ba da ita. Wai wani gari ne da ba a ba baƙo ko ruwa sai ya faɗi sunan ubansa. Rannan wani yaro ya iso, yaƙi ya cinye garinsu, tsoro ya ɗaure masa harshe. Ya bi gida-gida, ko'ina tambaya ɗaya: "Ɗan wa ne kai?" Da ya rasa mai buɗe masa, ya kwanta cikin dawa a bayan gari. Nan kura ta same shi. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta kai shi raminta, ta ciyar da shi har ya girma.

A nan Iya ke rage murya. "Ranar da kuraye suka shigo garin, wa kuke jin ya shige gaba? Wanda ya taɓa kowace ƙofa, ya san mai rauni."

Bara da damina, yara uku suka tsaya a zaurena nan Funtua. Daga yammacin Dandume suka tako, 'yan bindiga sun ƙone ƙauyensu. Yarinya ce goye da ƙanenta, sai wani ɗan matashi da ba danginsu ba. A unguwa kuwa ana ta raɗe-raɗin masu leƙen asiri.

Matata ta ja ƙananan zuwa cikin gida. Har yau suna nan, maƙwabta na aiko da tuwo da tufafi. Shi kuwa babban na tsare shi a waje. Ɗan wa ne? Wa ya san shi? Ya yi ta kallon ƙasa.

Matata ta leƙo. "Malam, ka bar shi ya sha ruwa mana!"

Na ce sai na kira mai unguwa. Da muka dawo ni da mai unguwa, ba kowa a ƙofar.

Na duba tasha, na duba masallatai, na bi kasuwa rumfa-rumfa. Babu wanda ya gan shi. Sai dai yaro ba ya kwana a sarari har abada. Wani ya ba shi ɗaki, kuma na tabbata bai tambaye shi sunan ubansa ba.