Fankar da Kalilu Ya Koya wa Ladabi

Duk Sabon Birni babu mai ladabin Kalilu. Mutum ne da in ya yi tuntuɓe da dutse sai ya tsaya ya ba dutsen haƙuri. Yana yaro a Unguwar Lalle, in kakansu ya kishingiɗa, shi ke riƙe mafici, kuma tun a nan aka dasa masa doka guda: mai fifita ba ya ba babba baya. Manyan sun manta da dokar, shi kuwa ya girma da ita har ya buɗe shagon buga katin biki a bakin kasuwa, ya rubuta Injiniya a ƙofa da fenti ja.

Jarinsa wata 'yar kwamfuta ce da ba ta fi kwalin sukari biyu ba. Wata safiya ta kasuwa ya kwance ta don ya hure ƙura, sai ya ga abin da ya tayar masa da hankali. A ciki akwai ƙwaƙwalwar na'urar, ɗan ƙarfe kamar akwatin ashana, da fanka biyu. Ɗaya tana hura mata iska, ɗayar kuwa ta juya mata ƙeya tana hura waje.

"Subhanallahi! Wagga ba ta da tarbiyya," in ji Kalilu. Ya ciro ta, ya juyo da fuskarta wajen babba, ya ɗaure.

Ranar ce Gwaggo Saude ta zo daga Gangara a buga mata katin auren ɗanta Talha. Ita ce uwar Sadiƙa, wadda Kalilu ya shekara biyu yana so, kuma ta sha faɗin ba ta ba da ɗiya ga mai sana'ar danne-danne. Yau za ta gani da idonta, kafin motar garinsu ta tashi bayan la'asar.

Kalilu ya kunna. Ya rubuta Bismillahi, kwamfuta ta ɗauke. Ya sake, ya kai sunan ango, ta sake somewa. Zafin da kwalin ya yi, da an ɗora masa ƙwai da ya soyu har ya nemi yaji. Kalilu ya tuɓe hula yana yi mata fifita, zufa na ɗiga daga gemu uku da Allah ya ba shi.

"Injiniya, mi ag ga abin naka? Masassara?" Gwaggo ta tambaya.

"Hutawa takai, Gwaggo."

"Buɗe in gani."

Ya buɗe. Gwaggo ta shekara talatin tana tuyar masar sayarwa a ɗaki. Ta zare turaren tsinke daga cefanenta, ta kunna, ta kara a bakin kwalin. Hayaƙi ya shiga ta gaba, ya shiga ta baya, ya tsaya tsakiya yana kewaye kamar baƙon da ya ɓata a kasuwa.

"Kai ɗan nan, ta ina zahin za shi hita? Ko madahi sai da ƙohwa da taga! Wa ya toshe taga?"

Kalilu ya sunkuyar da kai. "Fankar nan baya ta ba babba, Gwaggo, shi na gyara mata zama."

Gwaggo ta yi dariya har mayafinta ya zame. "To mai kwashe ma babba toka, gaba shikai da ita ko waje? Maida ta!"

Ya mayar. Hayaƙi ya shiga ta gaba, ya fice ta baya sumul. Kati ɗari suka fito tun ladan bai yi gyaran murya ba.

Gwaggo ta ƙulle su a zane, ta tsaya a ƙofa. "Wanda ba ya bari a raina ƙarhe, ba ya raina mani ɗiya. Ka turo manya. Amma madahin gidanku ni za ni nuna inda za a huda taga."

Sadiƙa na ɗakinsa yanzu da 'ya'ya biyu. Har yau in zai kunna kwamfuta sai ya ɗan rusuna, ya ce wa ƙwaƙwalwar, "A yi haƙuri da ta bayan nan, aiki anka sa ta."